KUBUBUWA: MU SAN TA DOMIN MU KIYAYE KANMU

Daga faɗuwar ruwan fari har zuwa lokacin da aka gama kai amfanin gona rumbu, shi ne lokacin da aka fi jin labarin saran maciji a ƙauyukanmu, daga Madadi, Getso da Kutama har zuwa ƙasar Kabo. Waɗanda abin ya fi faɗa wa su ne manoma, da makiyaya, da mata masu neman itace, da yara masu kiwo ko haƙar gafiya. Wato mutanen da gida yake dogara ga ƙarfinsu. In magidanci ya kwanta a tsakiyar damina, gonarsa ma ta kwanta. In kuwa aka sayar da akuya da buhun hatsi domin neman magani, yunwa ce za ta biyo baya.

Macizai uku ne suka fi hatsari a ƙasarmu: kumurci da danginsa masu fasa kai, da kasa, da kububuwa. Kowa yana tsoron girman kasa, kowa yana gudun kumurci. Amma wadda ta fi kashe mutane a arewacin Nijeriya ita ce ƙaramar cikinsu, wato kububuwa, wadda waɗansu suke kira gobe da nisa. Iyayenmu ba su son ambaton sunan maciji da dare, sai su ce igiyar ƙasa. Mu dai a wannan fitowa za mu kira ta da sunanta, mu duba kamanninta, da zamanta, da abin da dafinta yake yi a jiki, gama abin da mutum ya sani ya fi sauƙin kauce masa.

YADDA ZA A GANE TA

Kububuwa gajeruwa ce. Yawancinsu tsawonsu santimita 30 zuwa 50 ne, wato kamu ɗaya ko ƙasa da haka. Wadda ta kai santimita 60 ta cika babba. Kaurinta bai wuce na babban yatsa ba sai kaɗan. Kanta gajere ne mai faɗi ta baya, wuyanta siriri, wutsiyarta gajeruwa. Idanunta manya ne, suna kusa da gaban kai, kuma baƙin idon a tsage yake daga sama zuwa ƙasa kamar na kyanwa da rana.

Launinta launin ƙasa ne, wani lokaci ya yi ja-ja, wani lokaci ya yi toka-toka. A gadon bayanta akwai jerin tabo masu haske da masu duhu, a kowane gefe kuma akwai ƙananan ɗigo farare waɗanda baƙi ya kewaye, kamar 'yan idanu. Cikinta fari ne mai ɗigo-ɗigo. In ta kwanta cikin busasshen ganye ko tsakuwa, mutum yana iya tsayawa taku ɗaya daga inda take bai gan ta ba. Fatarta ba ta da santsi ko ƙyalli irin na kumurci, kaushi gare ta.

Masana kimiyya suna kiranta Echis ocellatus. A 2018 wani masani Bafaranshe mai suna Jean-François Trape ya nuna cewa waɗanda ke wajen Kamaru da Chadi da wani sashe na Nijeriya iri ne daban, ya ba su suna Echis romani. A can arewa kuma, wajen Nijar, akwai wata mai farin ciki tas ba ɗigo. Ga manomi dukansu kububuwa ce. Amma yana da kyau ko da mutum ɗaya a kowace ikilisiya ya riƙe sunan nan Echis ocellatus, domin shi ake dubawa a jikin kwalin magani.

ƘARAR GARGAƊI

Kububuwa tana da wata alama da ta bambanta ta da kasa da kumurci. In ta ji tsoro ba ta huci da baki. Sai ta lanƙwashe jikinta ninki-ninki, kanta a tsakiya, ta riƙa goga gefen jikinta da juna. 'Yan ɓawon da ke gefen jikinta a karkace suke, kowane yana da haƙora ƙanana kamar na zarto. Gogawar tana ba da ƙara kamar an zuba ruwa a cikin mai mai zafi, ko kamar ana zuba gero a kan busasshiyar tabarma.

Duk wanda ya ji wannan ƙara a gona ko a kan hanya, ya tsaya cik, ya duba inda take fitowa, ya ja da baya. Kada ya sunkuya ya ce sai ya gani da kyau. Daga wannan naɗi take kai sara, da saurin da ido ba ya iya bi, kuma takan maimaita.

Akwai wani maciji mai haɗiye ƙwan tsuntsaye wanda ba shi da dafi, amma ya yi kama da ita a launi, yana kuma goga jikinsa kamar yadda take yi domin ya tsorata abokan gaba. Bambanta su aikin gwanaye ne. A gare mu ƙa'idar ɗaya ce: duk ɗan gajeren maciji mai tabo da ke wannan ƙara, a ɗauke shi kububuwa ne.

INDA TAKE ZAMA DA ABIN DA TAKE CI

Kububuwa 'yar fili ce, ba ta son kurmi mai duhu. Ta fi son ƙasa mai duwatsu da tsakuwa, da saura, da gefen gona inda ciyawa ta yi yawa. Da rana takan ɓuya a ƙarƙashin dutse, ko kututture, ko tarin kara, ko dami, ko tsibin harawa, ko cikin ramin ɓera da tsohon suri. Ba ta haƙa rami da kanta, na wasu take shiga.

Da magariba take fitowa, kuma farkon dare ne lokacin farautarta. Jikin maciji ba ya yin ɗumi da kansa kamar namu, daga waje yake samun zafi. Shi ya sa bayan rana ta faɗi takan kwanta a kan turba ko a kan dutse inda sauran ɗumin rana yake. Nan ne mai dawowa daga kasuwa ko daga sujadar yamma ba fitila yake taka ta.

Abincinta ɓeraye ne ƙanana, da ƙadangaru, da kwaɗi, da kunama, da shanshani, da manyan ƙwari. Takan kwanta shiru ta jira abin ya zo kusa, ta sare shi, dafin ya kashe shi, sa'an nan ta haɗiye shi gaba ɗaya. Haƙoran dafinta biyu ne a gaban baki ta sama, masu rami a ciki kamar allurar asibiti. In ta rufe baki sai su kwanta, in ta buɗe domin sara sai su miƙe. In ɗaya ya karye, wani yana fitowa a madadinsa. Harshen da take fiddawa ba ya harbi, da shi take sansana abin da ke kewaye da ita. Wutsiyarta ma ba ta da dafi. Ba ta da kunne a waje, amma tana jin motsin ƙasa in ana tafiya kusa.

Mu lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, mutum ba abincinta ba ne. Ba ta bin mutum, ba ta kuma riƙe shi a zuci. Tana sara ne in an taka ta, ko an sa hannu a inda take kwance. Bambancinta da waɗansu macizai shi ne ba ta cika gudu ba in ta ji mutum, tsayawa take yi. Na biyu, inda ɓera yake nan maciji yake zuwa. Gidan da hatsi ke zube a ƙasa da shara a bayan ɗaki ya gayyaci ɓera, ɓera kuwa ya gayyato mai cinsa.

HAIHUWARTA DA LOKUTAN SHEKARA

Kasa 'ya'ya take haifa da rai, amma kububuwarmu ƙwai take yi. Takan saka ƙwai 6 zuwa 20 a ƙarshen rani, wajen watan Fabrairu da Maris, a wuri mai ɓoye. 'Ya'yan suna fitowa da tsawon santimita 10 zuwa 12, wato kamar tsawon yatsa da rabi. Daga ranar da suka fito suna da haƙora da dafi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: kada a bar yara su yi wasa da ɗan maciji domin an ga ƙarami ne.

Wannan ya sa farkon damina ya zama lokaci mai hatsari. Sababbin 'ya'ya sun fito, kwaɗi da ƙwari sun yawaita, ruwa ya cika ramuka ya koro na ciki waje, mu kuma a daidai lokacin muke sharar gona da shuka da noman fari, hannu da ƙafa cikin ciyawa. Lokaci na biyu shi ne kaka, sa'ad da ake cire gyaɗa, ana roron wake, ana ɗaga damin da ya kwana a ƙasa. In an yi ambaliya kuma, macizai sukan gudo tudu, inda mutane ma suka gudo.

A INA TA FI YAWA?

Kububuwa tana ko'ina a filayen Afirka ta Yamma, amma ba daidai take da yawa a kowane wuri ba. A Nijeriya ta fi yawa a kwarin Binuwai da na Neja: Kaltungo a jihar Gombe, Bambur a jihar Taraba, Langtang a jihar Filato, da Zungeru a jihar Neja. Binciken da aka buga a 1980 ya nuna cewa a wani yanki na kwarin Binuwai, kusan mutum 500 cikin kowane 100,000 maciji yake sara a shekara, kuma kimanin 12 cikin 100 na waɗanda aka sara suna mutuwa a wancan lokaci.

A ƙasarmu ta yammacin Kano ba ta kai haka yawa ba. Binciken da aka yi a maƙwabtanmu na Malumfashi cikin shekarun 1970 ya nuna kumurci mai tofa dafi yana da babban kaso cikin ɓarnar da ake samu a wannan yanki, shi ne mai shiga ɗaki da dare ya sari mai barci. Duk da haka bai kamata mu saki jiki ba. Kububuwa tana nan a wurare masu duwatsu da saura. Ban da haka, matasanmu da yawa suna tafiya ƙodago da noma a Taraba, Gombe, Neja da Filato, inda ta fi yawa. Wanda zai tafi can ya kamata ya tafi da wannan sani.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. A nan gida, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta faɗa a 2021 cewa ana samun kimanin sara 20,000 da mutuwa 2,000 a shekara.

ABIN DA DAFIN YAKE YI A JIKI

A nan ne ake yawan ruɗewa, saboda haka mu bi shi a hankali.

Allah ya sa a cikin jininmu akwai sinadaran da ke sa jini ya daskare in an yanke. Su ne ke toshe rauni. Dafin kububuwa yana shiga jini ya tayar da waɗannan sinadarai gaba ɗaya, su yi ta aiki a banza har su ƙare. Kamar a ce wani ya buɗe rumbu ya watsar da hatsin tun kaka: ranar da ake bukata babu. Daga nan jinin mutum ba ya daskarewa kuma. A lokaci guda wani sashe na dafin yana cin bangon ƙananan jijiyoyin jini, yana sa su yoyo. Ga yoyo, ga babu abin toshewa.

Da fari abin da ake gani zafi ne da kumburi a inda ta sara. Kumburin yana iya hawa har ya cika ƙafa ko hannu, kaluluwa ta fito a hantsa ko hammata. Bayan waɗansu sa'o'i, ko kwana ɗaya ko biyu, sai jini ya fara fita: daga ramin haƙoran, daga dasashi, daga hanci, daga tsohon miki ko inda aka yi tsaga, cikin tofi, cikin amai, cikin fitsari ko bayan gida. Mace mai ciki tana iya zubar da jini ta yi ɓari. Mafi hatsari shi ne jinin da ba a gani, wanda ke zuba cikin ciki ko cikin ƙwaƙwalwa. Alamarsa ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, jiri, ruɗewa, ko shanyewar ɓarin jiki.

Sunan gobe da nisa yana sa a ɗauka cewa wanda ta sara ba zai kwana ba. Yawanci ba haka abin yake ba. Dafinta ya fi kisa bayan kwanaki. Wannan yana da fuska biyu. Fuska mai kyau ita ce akwai lokacin kai mutum asibiti, ko daga ƙauye mai nisa. Fuska mai haɗari kuwa, mutum yana iya kwana ɗaya yana zaune yana hira yana shan fura, 'yan'uwa su ce ya warke, alhali jininsa ya riga ya zama ruwa. Cikin mutum 100 da kububuwa ta zuba wa dafi ba su sami magani ba, 10 zuwa 20 suna mutuwa. A Kaltungo, inda ake ba da magani mai kyau, waɗanda suke mutuwa ba su kai 2 cikin 100 ba.

GWAJIN MINTI 20

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna ko dafin ya shiga jini. Ma'aikacin lafiya zai ɗebi jini kaɗan daga jijiya, kamar rabin ƙaramin cokali, ya zuba a sabuwar kwalba ta gilashi, busasshiya mai tsabta. A ajiye ta minti 20 ba a taɓa ba, sa'an nan a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi, amma za a sake gwadawa bayan 'yan sa'o'i. In ya zubo kamar ruwa, dafin ya kama jini, sai magani nan da nan. Dole kwalbar ta zama ta gilashi, gama roba ba ta ba da amsa ta gaskiya.

Wannan gwaji da likitoci ke amfani da shi a ƙasashe da yawa yau, a ƙasarmu ya samo tushe. Likita David Warrell da abokan aikinsa, lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin shekarun 1970, su ne suka bayyana shi cikin aikinsu a kan waɗanda kububuwa ta sara. Ba ya bukatar lantarki ko na'ura, ƙaramin asibitin ƙauye ma yana iya yinsa.

MAGANIN GASKIYA

Magani ɗaya ne aka tabbatar yana kashe dafin da ya shiga jini, shi ne allurar maganin dafi da ake sa wa ta jijiya a asibiti. Ga yadda ake yinta: a tatsi dafin maciji, a riƙa sa wa doki ko tunkiya kaɗan-kaɗan har jikin dabbar ya ƙera makarinsa, sa'an nan a ɗebi jininta a tace makarin. Saboda haka kowane magani yana aiki ne a kan irin macizan da aka yi shi da dafinsu. Wanda aka yi da dafin macizan Indiya ba ya kashe dafin kububuwarmu yadda ya kamata, ko da an rubuta maganin maciji a jikinsa. An ga haka a Gana, inda mace-mace suka ƙaru a wani asibitin karkara bayan an koma amfani da irin wannan.

Domin magance haka ne gwamnatin Nijeriya ta haɗa kai da masana na Ingila. Aka riƙa kama macizai a nan ana kai su Libaful ana tatsa, aka samar da magani iri biyu: EchiTAb G, wanda ake yi a Birtaniya domin kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus, wanda ake yi a Kosta Rika domin kububuwa da kasa da kumurci. An gwada su a kan mutum 400 a Kaltungo, aka buga sakamakon a 2010, dukansu biyu suna aiki. A Kano ma akwai masana wannan fanni, irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda ya daɗe yana bincike a kan saran maciji.

In an sa maganin da ya dace, jinin dasashi yakan tsaya cikin ƙasa da sa'a ɗaya, jini kuma ya koma daskarewa cikin kamar sa'a 6. In bai koma ba, sai a ƙara. Yaro da babba adadi ɗaya ake ba su, gama maciji ba ya rage dafi domin ya sari yaro. Wani lokaci jiki yakan ƙi maganin, a sami ƙaiƙayi ko numfashi ya yi wuya, shi ya sa ba a yinsa a gida ko a shagon magani, sai inda akwai ma'aikaci da allurar taimako a kusa. Kuma ko an ji sauƙi, kada a matsa a sallami mutum, domin dafin da ya rage a wurin saran yana iya sake shiga jini bayan kwana ɗaya ko biyu.

ME YA SA AKE GANIN MAGANIN GIDA YANA AIKI?

Kowannenmu ya san wani da maciji ya sara, aka ba shi saiwa ko aka manna masa baƙin dutse, ya tashi. Ba ƙarya mutane suke yi ba. Dalilin shi ne macizai da yawa ba su da dafi mai kisa, masu dafin ma wani lokaci sukan sara ba su zuba kome ba. Irin waɗannan mutane za su warke ko an ba su magani ko ba a ba su ba, sai yabo ya tafi ga mai saiwa. Amma kububuwa ba kasafai take sara a banza ba. An gwada baƙin dutse, an ga ba ya tsotse dafin da ya shiga jiki. Tsaga kuwa ga wanda jininsa ba ya daskarewa, buɗe masa ƙofar mutuwa ce. Babbar ɓarnar ita ce lokacin da ake ɓatawa: kwana biyu a gidan mai magani, a rana ta uku a kawo mutum asibiti ya riga ya galabaita.

IN MACIJI YA SARI MUTUM

Abin da za a yi:

1. A janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali. Yawancin waɗanda suka isa asibiti da wuri suna warkewa.
2. A cire zobe, awarwaro, agogo, takalmi da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura.
3. A ɗaura wa ƙafar ko hannun sanda da tsumma sako-sako, kamar yadda ake yi wa karaya, domin kada ya motsa.
4. A ɗauke shi, kada ya yi gudu ko doguwar tafiya. In a babur ne, wani ya zauna a bayansa ya riƙe shi.
5. In yana amai, a kwantar da shi ta gefen hagu.
6. A tafi asibiti nan take, ko da dare ne, ko da ya ce ba ya jin kome. A riƙe lokacin da abin ya faru. Addu'a a yi ta a kan hanya.
7. In kumurci ne ya tofa dafi a ido, a wanke idon da ruwa mai yawa na tsawon lokaci, sa'an nan a tafi asibiti.

Abin da ba za a yi ba:

1. Kada a ɗaure da igiya ko roba tamau. Yana kashe ƙafa har a kai ga yankewa.
2. Kada a yi tsaga, ko ƙaho, ko tsotsa da baki, ko ƙuna.
3. Kada a ba shi abin sa amai, ko giya.
4. Kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, gama suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa.
5. Kada a yi masa allura a tsoka a shagon magani. Wurin zai tara jini.
6. Kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. In an riga an kashe shi, a ɗauki hotonsa da waya, ko a sa shi a buhu da sanda. Kada a taɓa kan da hannu, gama kan macijin da aka kashe yana iya sara.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Yawancin saran kububuwa a ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙasa, saura kuma a hannu. Wannan ya nuna mana inda za mu tsare.

Dogon takalmin roba a lokacin sharar gona, noma da girbi shi ne babbar kariya. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na kwalbar magani ɗaya ba. Kafin a sa shi da safe a zazzage shi. Kafin a ɗaga dami, ko kara, ko harawa, ko dutse, a fara juya shi da sanda ko fartanya. Kada a sa hannu a rami ko suri, a kuma gargaɗi yara masu haƙar gafiya da ɓera. Da dare kada a fita ba tocila, ko da zuwa bayan gida ne. A nisanta tarin itace da kara daga ɗakin kwana, a share ciyawa kewaye da gida, a toshe ramukan bango, a rufe hatsi da kyau. A kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma: yana tsare sauro, yana tsare kunama da maciji.

Ba lallai ne mu kashe kowane maciji da muka gani a daji ba. Da yawansu ba su da dafi, suna kuma rage mana ɓerayen da ke cin hatsi. Mutane da dama wajen ƙoƙarin kisa ne ake saransu.

ABIN DA ZA MU IYA YI TARE

Maganin dafi yana da tsada, kuma ba kowane asibiti yake da shi a kowane lokaci ba. Iyali ɗaya ba za su iya wannan shiri su kaɗai da tsakar dare ba, amma ƙauye zai iya tun da rana. Muna ba da shawara kowace ikilisiya, tare da mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi, ta yi waɗannan kafin damina:

1. A aiki mutum biyu su tambaya a asibitin Gwarzo da sauran asibitocin kusa ko suna da maganin, wane iri ne, in babu kuma ina suke tura mutane a Kano. A sake tambaya kowace shekara.
2. A san masu babur ko mota biyu ko uku da suka yarda a tashe su da dare, a rubuta lambobinsu inda kowa zai gani.
3. A buɗe asusun gaggawa. In kowane gida ya ba da kwanon hatsi da kaka, za a sami abin da za a ranta wa iyali a ranar wahala.
4. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa su haɗa kuɗi su sayo takalma da tocila a sari, a biya kaɗan-kaɗan.
5. A share harabar majami'a da turbar da ke zuwa wurin, musamman lokacin taron dare.
6. In wani ya kwanta, a yi masa gayya a gonarsa domin kada shekararsa ta lalace.

Ranar 19 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai game da saran maciji a duniya. Ta faɗo daidai gab da girbi, lokaci ne mai kyau na karanta wannan takarda a taro domin waɗanda ba su iya karatu ba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne macizai muka fi gani a ƙauyenmu, a wane wata, kuma a wane wuri?
2. Lokacin da maciji ya sari wani a nan na ƙarshe, sa'a nawa aka yi kafin ya isa asibiti? Me ya kawo jinkirin?
3. In abin ya faru yau da dare, wa zai ɗauki mutumin, ina za a kai shi, kuma daga ina kuɗin zai fito?
4. Me ke hana mutanenmu sa dogon takalmi a gona, kuma yaya za mu shawo kan wannan?